Abin da Ɗalhatu Ya Ji a Cikin Silin

Malam Ɗalhatu mai wayarin ya haura shekara ashirin yana aikin wuta a Gwarzo, kuma a ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo da wuya a sami gidan siminti da bai taɓa leƙa silinsa ba. Siririn mutum ne marar yawan magana, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun wani hatsarin babur da ya yi a hanyar Kano. Gidajen da ba sa barin baƙo ya wuce zaure ma shi suke kira, don an san idan ya shiga gida bango yake kallo, ba mutanen gidan ba.

Ana tsakiyar zafin bazara Mahbub ya kira shi daga Abuja. Mahbub shi ne babban ɗan Alhaji Muhammad Nur, dagacin Kwarin Gawo, wani gari da ke gaba da Dugabau a ƙasar Kabo. Bara ya sa wa mahaifinsa sola da na'urar intanet, bana kuma ya aiko da kwali guda na makunnan zamani, masu fuskar gilashi, waɗanda ake shafawa da yatsa ko a sarrafa su daga wayar hannu. Ya ce Baba ya manyanta, bai kamata a ce har yanzu yana tashi yana laluben bango ba. Yana so a fara da sashen Baba, kuma ba ya so kowa ya taɓa aikin sai Ɗalhatu.

Ranar Talata da hantsi Ɗalhatu ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya tafi. Ya tarar dagaci ya wuce Kabo gidan hakimi tun da safe. Matarsa, Hajiya Uwaliya, ta gaisa da shi daga bayan labule, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya shiga ya yi aikinsa, ita tana ciki.

Sashen dagaci tsohon gini ne da aka yi wa kwaskwarima. Daga zauren da yake zaman fada akwai wani dogon lungu rufaffe, mai ƙofa a kowane ƙarshe, wanda yake kaiwa ga turakarsa. Fitilun zauren da na lungun duk a layi ɗaya suke, kuma makunni uku ne ke juya su: ɗaya a bakin zaure, ɗaya a gefen kujerar dagaci, ɗaya a ƙofar turaka. Kowanne yana kunnawa, kowanne yana kashewa. Irin wannan haɗi yana da daɗi ga mai tafiya a dogon lungu, sai dai tsayuwar makunni ba ta gaya maka komai. Yau dannawa ƙasa ce kunnawa, gobe ita ce kashewa, ya danganta da wanda aka taɓa a ƙarshe.

Da ya kwance makunnin farko ya ga abin da yake gudu. Babu nutural a bangon. Tsohon makunni ba ya buƙatarta, aikinsa kawai ya haɗa ko ya raba. Amma na zamani shi kansa yana shan wuta, don dole ya zauna a farke yana jiran saƙo, kuma ba zai samu ba sai da wannan wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Ya duba na biyu da na uku, duk haka. Babu makawa sai ya shiga silin ya jawo ta daga wajen fitilu, ya zuro ta cikin bututun bango zuwa kowane makunni.

Ya kashe wutar gidan daga inbata, na'urar da ke ba gidan wutar sola. Ya je gidan maƙwabta inda magina ke aiki ya aro tsani. Ƙofar silin tana cikin lungu, kusa da zaure. Ya ajiye jakarsa a bayan ƙyaure da wayar hannunsa a ciki, don ya taɓa yar da wata a silin bai sake ganinta ba, ya ɗauki naɗin kebur da filaya da tocila ya hau.

Zafin da ke tsakanin kwano da silin ba irin na waje ba ne. Ba ya motsi. Yana zaune ne a kan mutum kamar an lulluɓa masa bargo, ga ƙura da warin kashin jemage. Tsayin wurin bai kai mutum ya durƙusa sosai ba, sai rarrafe a kan katako, don allon silin ba zai ɗauki ko gwiwa ɗaya ba. Ɗalhatu ya saba. Ya ƙiyasta rabin awa zai yi ya sauko.

Mahaɗar wayoyin tana can ƙarshe, daidai saman turaka. Ya rarrafa har can, ya samo nutural ɗin, ya fara zura kebur a bututun makunnin ƙofar turaka. Kebur ya shiga kamu biyu ya cije. Ya jawo, ya lanƙwasa bakinsa, ya sake turawa. Yana cikin wannan fama ya ji ƙarar jan tsani a kan tayil. Ya ɗaga murya ya ce akwai mutum a sama, amma tsakaninsa da ƙofar silin akwai nisa, kuma maginan suna ta hirarsu. Sun zo ɗaukar kayansu ne, ba su ga kowa ba, suka saɓa suka fita. Bai damu ba. Ya ce a ransa idan ya gama ya kira Hajiya ta aika a dawo da shi.

Bai gama ba ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sannan gaishe-gaishe a zaure, da muryar dagaci tana amsawa a natse kamar yadda kowa ya san ta. Aka buɗe ƙofar lungu, aka rufe, aka murɗa mukulli. Takun mutum biyu ya biyo lungun a hankali.

Ɗalhatu ya buɗe baki zai yi sallama, ƙura ta tsaya masa a maƙogwaro, ya dakata ya haɗiyi yawu. A wannan ɗan tsakanin ne ya ji dagaci ya yi magana, da wata murya da bai taɓa jin sa da ita ba.

"Hajiya, kama hannuna. Lissafin ya ƙwace mini, ban san taku nawa na yi ba."

"Saura huɗu, Alhaji. Ga dokin ƙofa nan, ɗaga ƙafa."

Ɗalhatu ya fasa sallamar. Ya ce a ransa bari su shiga tukuna, kada ya firgita dattijo. Suka shiga turakar, suka rufe. Yanzu allo ɗaya ne kawai tsakaninsa da su, har numfashin dagaci yana ji.

Dagaci ya tambayi abin da ya sa fanka ba ta juyawa. Ta ce mai wuta ne ya kashe, da alama ya fita cin abinci, don ba ta ga tsaninsa ba. Ta warware masa rawani, ta zaunar da shi a bakin gado. Ya fara ba ta labarin gidan hakimi: an raba takarda, ya karɓa ya riƙe, ya ce ya manto tabarau. Duk wanda ya gaishe shi ya gane shi ta murya, sai mutum ɗaya, shi kuma ya yi ta ja masa gaisuwa har ya faɗi wani abu da ya tona ko wane ne. Ya tambaye ta su wa ke zaune a zaure da ya wuce. Ta ce ta leƙa ta tagar lungu, Lukuman ne, ɗan baffansa, da mutum biyu daga unguwar gabas, Lukuman na sanye da shuɗiyar riga. Ta karanta masa takardar hakimi sau biyu, ya maimaita mata ita har ta zauna masa. Sai ta ɗiga masa maganin da take sayowa a kemis, ya ce na hagu kam babu komai sai duhu, na dama kuma kamar mutum na leƙe ta cikin kara.

Ɗalhatu yana kwance rub da ciki a kan katako biyu, filaya a hannu. Ya san ya kamata ya yi magana, kuma ya san lokacin yin ta ya wuce. Da ya yi sallama tun suna lungu, da mai aiki ne kawai da aka ɗauke wa tsani. Yanzu duk abin da ya faɗa, abin da za su ji shi ne ya ji.

Dagaci ya koma kan makunnan da Mahbub ya aiko. Ya ce tsofaffin ma, da suke yin ƙara a ƙarƙashin yatsa, sun kusa tona masa asiri. Makon jiya bayan magariba ya miƙa hannu ya danna na gefen kujera don ya kunna wa mutane fitila, ashe wani ya riga ya kunna daga bakin zaure. Ya kashe musu wuta ya ci gaba da magana a cikin duhu, har Lukuman ya tambaya ko batirin sola ne ya ƙare. To ina ga gilashi, wanda ko ƙara ba ya yi.

Hajiya Uwaliya ta ce, kamar wadda ta sha faɗa, a gaya wa Mahbub a je asibitin ido a Kano. Ya ce ranar da aka gan shi a layin asibitin ido, kafin su dawo Lukuman ya kai maganar Kabo wajen hakimi don a sauke shi. Ga shari'ar fadama a gabansa, gonakin gidaje tara, uku daga ciki na matan da mazajensu suka rasu, kuma ya san inda Lukuman ya karkata. Ta bari ya raba wannan tukuna.

Aka kira azahar. Ɗalhatu ya ji ta zuba masa ruwan alwala a kwano, ta juya shi ya fuskanci gabas. Shi kuwa ko zama ba zai iya ba. Rana ta daidaita a kan kwanon, har idan bayansa ya taɓa shi sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen guga. Gumi yana bin goshinsa yana shiga ido, yana tare shi da hannun riga don kada ya ɗiga a kan allo. Gwiwarsa ta hagu ta fara zugi, daga baya ta daina jin komai.

Ya yi ta juya hanyoyin fita a ransa. Idan ya rarrafa baya, katakon nan yana kuka a kowane motsi, kuma a daidai kansu yake. Idan ma ya kai ƙofar silin, babu tsani, kuma gwiwarsa ba za ta ɗauki tsalle a kan tayil ba. Idan ya dira lafiya, lungun a kulle yake gaba da baya, mukulli na hannun Hajiya. Abin da ya rage shi ne ya jira la'asar, dagaci ya fita zaure. Ya ji gado ya yi ƙara, dagaci ya kwanta, Hajiya ta ɗauki mafici tana yi masa fifita. La'asar da sauran fiye da awa biyu.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Ya dai lura harshensa ya bushe ya manne, sannan ya lura gumin ya tsaya, fatarsa ta bushe tana zafi. Wannan ya tsorata shi, don ya taɓa sauko da wani abokin sana'arsa daga silin a sume, kuma haka shi ma ya ce ya fara ji. Katakon da ke gabansa ya fara rabuwa biyu a idonsa. Ya ce a ransa zai ƙirga ɗari, idan ya kai zai yi magana, ko me zai faru. Ya kai ɗari ya sake farawa.

Wayarsa ce ta yi ƙara a cikin jaka, can a lungu.

Maficin ya tsaya. Ya ji Hajiya Uwaliya ta buɗe ƙofar turaka, ta bi lungun har inda ƙarar take. Wayar ta yi ta gaji ta katse. Ya san me take kallo: jaka a bayan ƙyaure, da ƙofar silin a buɗe.

"Malam Ɗalhatu?" Ta faɗa a hankali.

"Na'am, Hajiya. Salamu alaikum."

Muryar ta fito a shaƙe, kuma daga saman gadon dagaci ta fito.

Ita da kanta ta yafa mayafi ta je ta sa magini ya dawo da tsani, ta sallame shi daga bakin zaure. Ɗalhatu ya ja jiki har ƙofar silin, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya zube a ƙasan lungun. Ta kawo ruwan randa ta zuba masa a kai, ta dama masa gishiri da sukari a kofi, ta tsaya har ya shanye. Ba ta dube shi ba ko sau ɗaya. Da numfashinsa ya daidaita ta ce Alhaji na kiransa.

Dagaci yana zaune a bakin gado babu rawani, hula kawai. Ɗalhatu bai taɓa ganinsa haka ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, dagaci ya juyo da fuska wajensa, amma idon ya sauka ɗan gefe da shi.

"Tun yaushe kake sama?"

Ƙarya tana kusa. Zai iya cewa yana can ƙarshen zaure, ko zafi ya sumar da shi bai ji komai ba. Ya ce, "Tun kafin ka dawo, ranka ya daɗe."

Dagaci ya daɗe yana murza tafin hannunsa a gwiwa. Ɗalhatu ya shirya wa faɗa, ko a kawo Alƙur'ani a ce ya dafa. Ba a yi ko ɗaya ba.

"Ba ni da ikon rufe maka baki, Malam Ɗalhatu. Roƙonka nake yi. Ka bar ni in raba fadamar nan kafin ruwa ya sauka, daga nan ni da bakina zan gaya wa Mahbub."

Da tsawa aka yi masa, da wataƙila ya sami abin cewa. Amma mutumin da ya yi shekara talatin ana durƙusa masa ne yake roƙonsa, da kai babu rawani. Kafin ya yi tunani ya ji bakinsa ya ce babu wanda zai ji daga gare shi.

Da ya fito ya rama azahar, ya duba wayarsa. Mahbub ne ya kira. Ya bi kiran, Mahbub ya tambayi aiki, ya tambaya ko Baba ya ga makunnan, sun burge shi. Ɗalhatu ya ce aiki na tafiya, Baba kuma yana lafiya.

Washegari ya dawo tun rana ba ta yi zafi ba ya ƙarasa jan wayar. Ya kwana yana tunanin yadda zai yi da gilashin nan, kuma ya samo dabara. Na ƙofar turaka ya mai da shi uba, shi ke riƙe da fitilun, sauran biyun saƙo kawai suke aika masa. Ya saita fitilun su kama da kansu idan magariba ta gabato. Ya sa manhajar a wayar Hajiya Uwaliya, ya koya mata, yadda daga cikin gida za ta ga ko zaure na da haske, ta kunna ko ta kashe. Na gefen kujera kuwa ya saita shi ya zama kunnawa kaɗai ya sani: ko sau goma aka shafa shi ba zai kashe ba. Ya ɗiga ɗan gam a tsakiyar gilashin, ya bushe ya zama ƙwaya, don yatsa ya same shi.

Dagaci ya gwada sau uku, ya yi murmushi, ya sa masa albarka. Ɗalhatu ya ji daɗin aikinsa har ya hau babur. Sai a hanya, wajen Dugabau, ya gane abin da ya yi. Abu ɗaya da ya kusa sa a gane, a kai mutumin nan asibiti ko yana so ko ba ya so, shi ne ya gyara da hannunsa.

Ruwa ya sauka ba a gama shari'ar fadama ba. Aka ce sai an ga iyakar da ruwa zai kwanta. Da aka gama ta a tsakiyar damina, matan nan uku suka tsira da gonakinsu, Ɗalhatu ya je gaisuwa yana jiran ya ji an ce an kira Mahbub. Dagaci ya ce yanzu Lukuman na jin haushi, ba lokacin ba ne, a bari a yi girbi.

A wannan tsakanin gidan dagaci ya zame masa wurin zuwa. Da farko don aiki ne: hadari ya kashe intanet, ko manhaja ta rikice wa Hajiya. Daga baya sai a aiko babu abin da ya lalace. Dagaci ya sa a shigo da shi turaka a rufe ƙofa, ya cire rawani ya miƙe ƙafa. Ban da matarsa, Ɗalhatu ne kaɗai mutumin da yake iya laluben kofi a gabansa. Ya tambaye shi yadda gero ya yi a hanya, ko limamin gari ya rame kamar yadda muryarsa ta nuna, wane launi aka shafa wa sabon masallaci. Ɗalhatu ya gaya masa. Yana tausayinsa, har ya fara ƙaunarsa, amma duk ranar da ya ga kiran Hajiya Uwaliya sai ya ji kamar kada ya ɗauka. Sau biyu ya kawo maganar asibiti, har ya ce zai samo mota daga Gwarzo su bi ta wata hanya ba wanda zai sani. Dagaci ya ce ya ji, Allah ya yi albarka, bayan girbi.

Ran kasuwa Lukuman ya tare shi a Gwarzo, ya riƙe masa hannu ya daɗe bai saki ba, ya ce shi da yake shiga har turaka, yaya ya ga ƙarfin jikin mai gari. Ɗalhatu ya ce lafiya lau ya gan shi. Mahbub kuma yakan kira lokaci-lokaci ya yi godiya, ya ce daga ofis yana ganin fitilun Baba a wayarsa, hankalinsa a kwance. A gida matarsa Badi'a ta tambaye shi wace irin wuta ce wannan da ba ta gyaruwa a Kwarin Gawo. Ya ce kayan zamani ne, sai da lallami. Shi da bai saba ƙarya ba, ya wayi gari yana da guda uku da yake kiwo, kowacce da mai ita.

Sau ɗaya ya nemo lambar Mahbub da niyyar faɗa. Yana zaune a shago, ya daɗe yana kallon sunan. Ya tuna ya ba da kalmarsa, ya tuna dattijon ya ce da bakinsa zai faɗa, ya ce wa kansa girbi saura makonni. Ya mai da wayar aljihu.

Ba a kai ga dagaci ya faɗa ba. Bayan an yanke gero Mahbub ya zo da matarsa da jaririyar da suka haifa, don kakanta ya sa mata albarka. A turaka ya miƙa masa ita, dagaci ya miƙa hannu biyu wajen da ba kowa. Kwana biyu bayan nan suna Kano.

Ranar Asabar da yamma Mahbub ya tsaya da mota a ƙofar shagon Ɗalhatu. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya zauna a benci, ya ƙi shan ruwa. Ya ce likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama kuma, da an zo da shi tun bazara, da an tsare abin da ya rage, ya riƙa ganin hanya da fuskar mutum. Yanzu saura ɗan haske, shi ma ba a ba da tabbaci ba. Ya ce Baba ya gaya masa komai, har zancen silin, ya kuma ce kada a ga laifin kowa sai nasa.

Ɗalhatu ya sunkuyar da kai. Mahbub ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya tsaya kamar mai neman abin da zai ƙara.

"Kana da lambata, Malam Ɗalhatu," ya ce. Bai ɗaga murya ba. Ya shiga mota ya tafi.

Ranar Juma'a dagaci ya je Kabo, Mahbub na riƙe da hannunsa a gaban kowa, ya gaya wa hakimi da bakinsa. Ba a sauke shi ba. An bar masa rawaninsa, aka ce Lukuman ya zama wakilinsa a abin da ke buƙatar ido da tafiya. Mutanen gari suka yi ta zuwa jaje, wasu na cewa dama sun lura, wasu na rantsuwa ba su taɓa zato ba. Gonakin fadama suna hannun waɗanda aka ba, har yanzu dai.

Mahbub bai sake kiran Ɗalhatu ba. Da inbata ta samu matsala, daga Kano aka zo da mai gyara. Amma dagaci bai daina aikowa ba, kuma yanzu a zaure yake karɓarsa, a gaban mutane. A zuwan farko ya sa aka matso da shi kusa, ya lalubo kafaɗarsa ya dafa, ya ce kada ya ɗora wa kansa komai, shi ya roƙe shi, kuma ya cika alkawari kamar yadda mutumin kirki ke yi. Ɗalhatu ya ce to, ranka ya daɗe.

Da ya koma gida ya zauna a tsakar gida ya ba Badi'a labarin tun daga farko. Ta saurara tana tsince shinkafa, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta tambaye shi, da ya kira Mahbub tun a bazara, yana ganin dattijon zai yarda ya shiga mota. Ya ce bai sani ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ta tashi ta ɗora tukunya.